Fai ɗin Fikan a Jihohin Kudu na Amurka

Fai ɗin fikan, wanda Amurkawa ke kira pecan pie, gasasshen abin zaƙi ne da ake kawowa bayan an gama cin abinci. An fi saninsa a jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Teksas da Luwiziyana da Alabama da Jojiya. Kashi biyu gare shi: ɓawon fulawa da ake shimfiɗawa a faranti mai ɗan zurfi, sai haɗin ƙwai da sukari da bota da ruwan zaƙi mai kauri da ake zubawa a ciki tare da ƙwayar fikan. A cikin obin ƙwayar takan taso sama ta gasu ta yi ƙaras-ƙaras, haɗin da ke ƙarƙashinta kuma ya kama jikinsa, ya yi laushi da ɗan danƙo. Ana samunsa a gidajen sayar da abinci ko da yaushe, amma lokacinsa na gaske daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa ƙarshen Disamba, wato bikin Ranar Godiya da na Kirsimeti, daidai lokacin da ake kakar fikan.

Mutanen kudu da yawa suna ɗaukarsa a matsayin gadon kaka da kakanni, kuma ta fuskar bishiyar da gaskiyarsu, domin an yi dubban shekaru ana cin 'ya'yanta. Shi kuwa fai ɗin ɗan jiya ne. Rubutaccen bayaninsa mafi tsufa da aka gano na shekarun 1880 ne, irin wanda ake gasawa yau kuwa bai yaɗu ba sai a shekarun 1930.

Bishiyar

Fikan, wadda masana tsirrai ke kira Carya illinoinensis, babbar bishiya ce mai kaɗe ganye da hunturu. Tsayinta kan kai mita 20 zuwa 40, kuma takan wuce shekara ɗari tana haihuwa. Asalin mazauninta bakin koguna ne: kwarin Misisifi da rassansa, daga Ilinoi da Indiyana a arewa har zuwa Luwiziyana da Teksas, ta ƙetara cikin Meziko. Ɗanta yana cikin koren kwasfa da ke tsagewa gida huɗu idan ya nuna. A ciki akwai ɓawo mai tauri, ruwan ƙasa, a cikinsa kuma ƙwaya ɓari biyu masu kwarmi-kwarmi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne. Wannan man shi ne daɗinta, shi ne kuma ke sa ta saurin lalacewa idan ba a adana ta a wuri mai sanyi ba.

'Yan asalin nahiyar sun dogara da ita tun kafin zuwan Turawa. Álvar Núñez Cabeza de Vaca, ɗan Sifaniya da jirgin ruwansu ya tarwatse a gaɓar Teksas a 1528, ya zauna shekaru a cikinsu, kuma ya ba da labarin yadda ƙabilu ke taruwa a bakin wani kogi su yi wata biyu ba su cin komai sai wannan ƙwaya. Ya kuma lura bishiyar ba ta yin 'ya'ya da yawa sai shekara ɗaya cikin biyu. Manoma suna fama da wannan hali nata har yanzu: shekarar albarka, sai shekarar ƙaranci ta biyo baya, farashi ya yi ta hawa da sauka. George Washington da Thomas Jefferson duk sun dasa ta a gidajen gonarsu na Bajiniya, amma a zamaninsu ba a ɗauke ta amfanin gona ba. Abin tsintuwa ce a daji.

Abin da ya hana nomanta shi ne bishiyar da aka shuka daga iri ba ta ɗauko uwarta. A shuka ƙwaya mai girma mai siririn ɓawo, a jira shekara goma ko fiye, sai ta haifi ƙanana masu ɓawo kamar dutse. Maganin wannan shi ne yi wa bishiyar aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen bishiyar da aka san nagartarta a haɗa da gindin wata. Fikan kuwa ba ta karɓar aure da sauƙi. Wanda tarihi ya fi ambata da cin nasarar wannan aiki wani bawa ne mai kula da lambu a gandun rake na Oak Alley da ke Luwiziyana, mai suna Antoine. Sunan ke nan kaɗai da aka rubuta masa. A hunturun 1846 zuwa 1847 ya yi wa bishiyoyi 16 aure suka kama, daga baya ya ƙara wasu. Irin da ya fito daga hannunsa ya samu yabo a babban baje kolin cikar Amurka shekara ɗari da aka yi a Filadelfiya a 1876, shi ya sa aka raɗa masa suna Centennial. Ya dace a riƙa kiran sunan Antoine duk inda ake maganar wannan abinci, domin noman fikan na kasuwa, da arahar da ta sa talaka ya iya zuba ƙwayar kofi guda da rabi a fai ɗaya, daga wannan hanya suka biyo, shi kuwa ko kansa bai mallaka ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka shiga dasa manyan gonaki a wuraren da bishiyar ba ta taɓa fitowa da kanta ba. Jojiya tana cikinsu, ga shi yau tana sahun gaba a noman fikan tare da Niyu Meziko da Teksas. Amurka da Meziko su ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci, sai Afirka ta Kudu da Ostireliya a bayansu. Ire-iren da aka fi sani sun haɗa da Stuart da Desirable da Schley da Elliott da Pawnee. Ana kaɗe bishiyoyin da injin da ke riƙe gindi ya girgiza, daga Oktoba zuwa Disamba. Masu girki da dama a Teksas da Oklahoma sun fi son ƙwayar daji, wadda ba a yi wa aure ba: ƙarama ce, fasa ta wahala, amma ta fi mai da ƙanshi.

Asalin fai ɗin

Gasa abin zaƙi a cikin ɓawon fulawa al'ada ce da ta zo da Turawan Ingila da sauran baƙi daga Turai. A kudu, idan lokacin 'ya'yan itace ya wuce, matan gida sukan cika ɓawon da abin da ke cikin ɗakin girki kullum: ƙwai da sukari da bota, wani lokaci da ɗan garin masara ko tsamin madara. Fai ɗin fikan daga wannan zuriya ya fito, an dai ƙara masa ƙwaya.

Akwai masu cewa Faransawan birnin Niyu Olins na Luwiziyana ne suka ƙirƙiro shi tun farkon zamansu a can. Lallai birnin ya shahara da wata alewar sukari da fikan da mata baƙar fata suka daɗe suna tallarta a tituna, amma ba a samu rubutu na wancan zamani da ya nuna ana gasa fai da ita ba. Bayani mafi tsufa da masu bincike suka gano ya fito ne a mujallar Harper's Bazaar a 1886, kuma haɗin madara da ƙwai ne, bai yi kama da na yau sosai ba. Kafin ƙarnin ya ƙare wasu sun biyo baya, da yawansu ɗauke da sunan Teksas, wasu ma da kumfar farin ƙwai ake rufe samansu.

Abin da ya sauya kamanninsa ruwan zaƙin masara ne. Ana yin sa ta hanyar narkar da sitacin masara har ya koma ruwa mai kauri mai ɗan zaƙi, kuma a 1902 aka fara sayar da shi ga gidaje da sunan Karo. Kamfanin ya daɗe yana cewa matar wani babban jami'insa na sashen talla ce ta ƙago fai ɗin a shekarun 1930. Maganar ƙagowa ba ta tsaya ba, tunda an riga an rubuta irinsa shekaru da dama kafin nan. Abin da ya tabbata shi ne kamfanin ya buga bayanin haɗin a jikin gwangwaninsa da cikin tallace-tallacensa, ya shigar da shi gidajen da ba su taɓa ganin bishiyar fikan ba. Har yau a wasu sassan kudu da sunan Karo ake kiran fai ɗin. Manyan littattafan girki na ƙasa baki ɗaya ba su saka shi ba sai daga wajen 1940.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba a cika faɗa a bakin tebur ba, shi ne na masu fasa ɓawon. A shekarun 1930 kusan rabin fikan ɗin Amurka a birnin San Antonio na Teksas ake ɓare shi, da hannu, kuma galibin ma'aikatan mata ne 'yan asalin Meziko, cikin rumfuna masu ƙura marasa iska, ana biyansu 'yan sulalla a kan kowane ma'auni. Da aka zaftare ladan a ƙarshen Janairun 1938, kimanin mutum 12,000 suka tafi yajin aiki, wata matashiya mai suna Emma Tenayuca tana gaba. An kama ɗaruruwansu. A watan Maris aka sasanta da ɗan ƙari, amma da dokar mafi ƙarancin albashi ta tarayya ta fara aiki a wannan shekara da santi 25 a awa, sai kamfanonin suka koma ga inji, dubbai suka rasa aikin.

Matsayinsa a ranar biki

Ranar Godiya biki ne na iyali da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar Yaƙin Basasa, majalisar dokoki kuma ta tsayar da ranar a dokance a 1941. Mutanen kudu sun jima suna yi mata kallon bikin 'yan arewa, kuma da suka rungume ta sai suka kawo nasu abincin: cushen talotalo na burodin masara, da ganye dafaffe, da dankali mai zaƙi. A wajen kayan zaƙi, fai ɗin kabewa na arewa ya tarar da abokan zama biyu, na dankali mai zaƙi, wanda ya fi ƙarfi a gidajen baƙar fata, da na fikan. Gida mai yawan baƙi yakan gasa duka ukun.

Dacewar lokaci ta taimaka masa ƙwarai. Sabuwar ƙwaya tana shigowa kasuwa makonni kaɗan kafin bikin, kuma a garuruwa da yawa na kudu ba sai an saya ba, bishiyar tana tsakar gida ko a bakin titi, yara su tsinto, manya su zauna da dare suna fasawa. Wani dalilin na mai girki ne. A ranar biki talotalo kan mamaye obin na sa'o'i, shi kuwa wannan fai ya fi kyau idan an gasa shi tun jiya ya kwana. Yana kuma jure tafiya a mota, shi ya sa yake cikin abin da baƙi suka fi riƙowa a hannu.

A Teksas abin ya kai ga doka. Tsohon gwamna James Hogg, dab da rasuwarsa a 1906, ya bar wasiyya a dasa fikan a kan kabarinsa a raba wa jama'a 'ya'yan su shuka. Jihar ta ayyana fikan bishiyarta a 1919, ta kuma ayyana fai ɗin fikan a matsayin fai na jiha a 2013. Oklahoma ta saka shi cikin jerin abincin jiha tun 1988.

Kayan haɗi da aikin kowanne

Ma'aunin da aka fi bi na faranti ne mai faɗin inci 9, wato wajen santimita 23, wanda ke ba da yanka takwas. Kofin awo na Amurka yana cin kimanin mililita 240. Haɗin da aka saba gani a jikin kwalbar Karo shi ne ruwan zaƙin masara kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, ƙwai uku, narkakkiyar bota babban cokali biyu, banila ƙaramin cokali ɗaya, da fikan kofi ɗaya da rabi, wajen giram 170. Kusan duk sauran bayanai kwaskwarimar wannan ne.

Ƙwai ne ke riƙe haɗin. Idan ya ji zafi sai ya daskare ya ɗaure ruwan zaƙin wuri guda, ta yadda za a yanka ya tsaya. Yawan sukari yana jinkirta daskarewar ƙwai, shi ya sa haɗin ke buƙatar zafi fiye da na dafaffen ƙwai kafin ya kama. Ruwan zaƙin masara kuwa aikinsa hana sukari komawa tsaki-tsaki bayan ya huce. Shi ne ke ba da santsi da sheƙi. Iri biyu ne, fari mai ɗan banila da baƙi da aka haɗa da ragowar ruwan rake, wanda ya fi ƙanshi da nauyin ɗanɗano. Bota tana kawo taushi da ƙanshi, masu girki da yawa a kudu sukan ninka ta, wasu kuma su soya ta kaɗan har ta yi ja kafin su zuba.

Babban aibin wannan abinci yawan zaƙi ne, kuma masoyansa ma sun yarda da haka. Haɗin kofi ɗaya da kofi ɗaya ya yi wa harshe da yawa, har yakan rufe ɗanɗanon ƙwayar da aka yi abin dominta. Ana gyara wannan ta hanya uku da ba su ɓata tsarin ba: a rage sukari zuwa rabin kofi ko kashi uku cikin huɗu, a sa gishiri rabin ƙaramin cokali, a ƙara fikan zuwa kofi biyu. Gishirin musamman bai kamata a manta da shi ba. Wasu suna ɗiga ruwan lemon tsami ko khal ƙaramin cokali guda, ba a jin tsaminsa, amma yana karya zaƙin. Jan sukari ya fi fari dacewa da fikan.

Ban da Karo, ana kuma amfani da ruwan rake da aka dafa ya yi kauri, kuma a Luwiziyana har yanzu akwai masu cewa wannan ne na asali. Kamfanin Steen's na garin Abbeville yana dafa shi tun 1910. A Kentaki da Tenesi kuwa da ruwan takanɗa ake yi. Ita ce dai takanɗar da aka sani, dangin dawa mai zaƙin kara, wadda aka shigar da irinta Amurka a shekarun 1850, wasu daga yankin Natal na Afirka ta Kudu. Ruwanta yana da ɗan tsami-tsami da ke tafiya da ƙwayar ƙwarai. Zuma ma tana yi, sai dai tana saurin yin baƙi a obin kuma ta fi zaƙi, don haka ake rage sukari.

Ita kanta ƙwayar a ɗanɗana ta kafin a zuba. Sabuwa tana da haske da gardi. Wadda ta kwana biyu a shago mai zafi takan yi duhu, ta yi warin tsohon mai da ɗaci, kuma babu yawan sukarin da zai ɓoye wannan. A kuma duba a cire ɓarɓashin ɓawon da ke maƙalewa a kwarmin ƙwayar, yana da ɗaci kuma yana iya fasa haƙori. Gasa ƙwayar ita kaɗai na minti bakwai zuwa goma kafin haɗawa yana fito da ƙanshinta. Ana jayayya a kan a bar ta ɓari-ɓari ko a daddatsa. Ɓari ya fi kyau a ido, daddatsattsiya ta fi sauƙin yanka, da yawa kuma sukan haɗa biyun, daddatsattsiya a ciki, ɓari a jere a sama.

Ɓawon fulawa

Ɓawo guda yana cin fulawa kofi ɗaya da kwata, bota mai sanyi giram 110 zuwa 115, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ruwan ƙanƙara babban cokali uku ko huɗu. Ana yayyanka botar ƙanana a murtsuke ta cikin fulawa da yatsu har ta koma gutsattsari kamar girman wake, ba a bari ta narke. Sai a yayyafa ruwan kaɗan-kaɗan, da zarar ƙullin ya haɗu a tsaya. Gutsattsarin botar nan su ne ke narkewa a obin su bar ɓawon falle-falle, yawan murza kuwa yana sa shi tauri. A naɗe ƙullin a sa a firij na awa guda, a murza shi ya yi faɗi wajen santimita 30, a shimfiɗa a faranti ba tare da an ja shi ba, a naɗe bakin a yi masa ado da yatsa, a mayar firij. A ɗakin girki mai zafi, duk lokacin da ƙullin ya fara maiƙo a hannu a mayar da shi cikin sanyi na 'yan mintoci.

A da da kitsen alade ake yin ɓawon a kudu, kuma wasu gidaje da wasu ɓawon kanti suna nan a kansa. Daga 1911, da aka fito da daskararren man girki na Crisco daga man 'ya'yan auduga, da yawa suka koma gare shi. Bota ta fi su duka ƙanshi.

Tsofaffin bayanai sukan ce a zuba haɗin a ɗanyen ɓawo kai tsaye, kuma yana yiwuwa, sai dai gindin yakan fito da laushi kamar bai gasu ba. Hanyar da ta fi ita ce a fara gasa ɓawon shi kaɗai: a shimfiɗa masa takardar gashi, a cika da busasshen wake ko shinkafa don kada ya kumbura, a gasa minti 15 a zafin digiri 200 na Selshiyas, a kwashe waken, a ƙara minti biyar. Shafa masa ɗan ƙwai yana da zafi yana toshe ƙananan ramuka, domin idan haɗin ya zurara ƙarƙashi sai ya ƙone ya manne da farantin.

Gashi

A daidaita obin a digiri 175, wato 350 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi. A kaɗa ƙwai kaɗan, don ya haɗu kawai, ba a son kumfa. A zuba sukari da ruwan zaƙi da gishiri da banila, sannan bota bayan ta ɗan huce, domin mai zafi yana dafa ƙwai ya yi gudaji. Ana iya juya ƙwayar a cikin haɗin, ana kuma iya baza ta a gindin ɓawon a kwarara haɗin a kanta. Duk ɗaya ne, da yake ta fi haɗin rashin nauyi, za ta taso sama lulluɓe da zaƙi. A ɗora farantin a kan tire, a sa a ƙasa-ƙasan obin.

Gashin kan ɗauki minti 50 zuwa 70, gwargwadon zurfin faranti da halin obin. Bayan rabin awa a duba bakin ɓawon, idan ya yi ja a rufe shi da takardar alminiyam, haka ma saman idan ƙwayar ta fara duhu, domin ƙonanniyar fikan ɗaci gare ta. Sanin lokacin sauke shi shi ne inda gwaninta take. Idan aka girgiza farantin a hankali, gefe ya kamata ya tsaya cak, tsakiya kuma ta yi rawa kaɗan a dunƙule. Idan tana kaɗawa kamar ruwa, da saura. Mai ma'aunin zafi ya soka a tsakiya, ana neman digiri 85 zuwa 93. Saman yakan ɗan kumbura a obin ya sauka bayan an fito da shi, wannan ba matsala ba ce.

Sai haƙuri. Haɗin yana ci gaba da kamawa yayin da yake hucewa, kuma fai ɗin da aka yanka da zafi zai malale ko da ya gasu daidai. Awa biyu shi ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi, kwana a firij ya fi duka. Yawancin ƙorafin cewa ciki ya yi ruwa daga wuri biyu yake fitowa, an sauke da wuri ko an yanka da wuri. Na uku shi ne ƙananan ƙwai, domin bayanan Amurka da manya ake auna su, idan na hannu ƙanana ne sai a sa huɗu. Idan kuma saman ya tsage, gefe ya yi tauri yana kama haƙori, to wuta ta yi yawa ko an wuce lokaci.

Ana kawo shi da sanyin ɗaki ko a ɗan ɗumama, a yanka da wuƙa mai zarto saboda ƙwayar. Kirim da aka buga ba sukari ya fi dacewa da shi, ko da yake da yawa sun fi son ayis kirim na banila, sai baƙin kofi a gefe.

Ire-irensa

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai cakulan, inda ake watsa gutsattsarinsa a gindin ɓawon kafin a zuba haɗin. A Kentaki da maƙwabtanta ana yawan zuba cokali biyu ko uku na barasar bourbon, kuma gashi ba ya ƙone ta duka. Musulmin da aka gayyata cin abincin biki a Amurka, ko mai saye a kanti, yana da abubuwa uku da zai tambaya: barasa a cikin haɗin, kitsen alade a ɓawon, da ruwan banila, wanda a ƙa'idar Amurka na asalinsa yake ɗauke da aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa. Akwai banilar gari da wadda aka yi ba barasa, kuma ko an bar ta gaba ɗaya fai ɗin yana fitowa daidai.

Akwai mai hawa biyu, dankali mai zaƙi a ƙasa fikan a sama. Akwai ƙanana na loma ɗaya da ake yi da ƙullin cuku mai laushi, waɗanda aka fi gani a Kirsimeti, da kuma wanda ake gasawa a tire a yanka murabba'i don taro mai yawa. A kudu maso gabashin Bajiniya, ƙasar noman gyaɗa, ana yin haɗin nan ɗin da soyayyiyar gyaɗa a madadin fikan, kuma abinci ne mai sunan kansa a can. Wannan ne ya fi sauƙi ga wanda yake inda fikan ke da tsada ko ba a samunta. Ƙwayar kashu ma tana shiga, ɗanɗanon dai daban ne.

Adanawa da lafiya

Da yake akwai ƙwai a ciki, hukumomin kula da abinci na Amurka suna ba da shawarar a sa wanda aka gasa a gida cikin firij da zarar ya huce, kada ya wuce awa biyu a waje, a kuma cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu. Yana jure firiza wata ɗaya ko biyu idan an naɗe shi da kyau, a sauke shi cikin firij ya kwana, a ɗumama minti goma zuwa goma sha biyar don ɓawon ya dawo da ƙarfinsa. Ita ma ɓararriyar ƙwaya a firij ko firiza ake ajiye ta.

Abinci ne mai nauyi. Giram 100 na fikan yana ɗauke da kalori kusan 690, yanka ɗaya cikin takwas na fai ɗin kuma yakan kai wajen 500, fiye da na kabewa nesa ba kusa ba. Man fikan galibinsa irin mai kyau ne ga zuciya, amma sukarin da ke kewaye da shi ya sa masu ciwon sukari sai sun yi hattara. Fikan tana cikin ƙwayoyin itatuwa da jikin wasu mutane ba ya karɓa, kuma abin yakan yi tsanani har ya toshe numfashi, don haka a wurin taro ake sanar da baƙi abin da ke ciki, a kuma ware masa wuƙarsa daban.